Sunayen farkon fim: baƙin allo, kan labari, ko a bari sai ƙarshe?

An gama ɗauka, edita ya jera fitowa bayan fitowa, an daidaita sauti, sai a iso kan maganar da aka yi ta ɗagawa tun ranar farko a lokeshin: ina za a sa sunaye, kuma yaya za su fito? A nan ne furodusa yakan ce wa edita "yi mana kastin mai kyau", wato jerin sunayen farkon fim, ya kama gabansa. Shi kuma edita ya ɗauko wani shiryayyen tsari da ya sauke daga intanet, ya goge sunan wancan fim ya rubuta na wannan. Kowa ya san abin da ke fitowa: haruffan zinare suna wulwulawa, wuta na tartsatsi, ganguna na rugugi har minti uku, alhali labarin da ke tafe na wata bazawara ce mai suyar awara a ƙofar gida.

Hanyoyin da ake bi ba su wuce huɗu ba. Ko a rubuta sunayen a kan baƙin allo kafin labari ya fara, ko a ɗora su a kan hotunan farko labari na tafiya, ko a shirya wa buɗewar wani ɗan guntun fim na kansa, ko kuma a sa sunan fim kaɗai a tura sauran ƙarshe. Kowacce akwai manyan fina-finan da suka ci nasara da ita, saboda haka musun wacce ta fi kyau ɓata yawu ne. Abu biyu ke raba gardamar: inda za a kalli fim ɗin, da alkawarin da ka yi wa mutanen da suka yi maka aiki.

Baƙin allo

Ita ce mafi araha. Fari a kan baƙi, suna ya fito, ya ɗan tsaya, ya ɓace, wani ya biyo. Har cikin shekarun 1950 fina-finan Amurka a gaba suke zuba kusan dukkan sunaye, a kan katunan da aka zana, ƙarshen fim kuwa ba a rubuta komai sai cewa an gama. Wanda ya tashi da kallon fina-finan Indiya ya san nasu salon: takardar hukumar tace fina-finai ta fara bayyana, sai hoton mamacin da aka sadaukar wa aikin, sai godiya ga wane da wane, kafin a zo kan jarumai. Mu ma mun gaji ɗabi'ar, har muka ƙara da godiya ga mai gidan da ya ba da aron falo da mai motar da aka shiga a fitowa ɗaya.

Tana da alheri. Babu abin da zai shige wa rubutu gaba, ba ta tsufa, kuma ko manhajar waya tana iya yin ta. Daraktan Amurka Woody Allen tun ƙarshen shekarun 1970 da farin rubutu a kan baƙi yake buɗe fina-finansa, da salon harafi iri ɗaya, yana kuma jera 'yan wasa bisa bin haruffan sunayensu. Akwai wata dama da ba a cika amfani da ita ba: ido yana hutawa, amma kunne a buɗe yake. Idan aka sa kiran sallar asuba a ƙarƙashin baƙin allon, da carar zakara, da ƙarar tsintsiya a tsakar gida, mai kallo ya riga ya shiga unguwar kafin ya ga bango ɗaya.

Matsalarta a lissafi take. Editoci suna cewa a bar rubutu a allo gwargwadon yadda mutum zai karanta shi sau biyu da babbar murya, wato sakan 3 zuwa 4 ga suna ɗaya da muƙaminsa. Kati 25 a sakan huɗu-huɗu ya ba ka minti ɗaya da sakan 40 na duhu. A sinima wannan ba komai ba ne: mutum ya sayi tikiti, ya zauna, an kashe fitila, babu inda za shi. Mai kallo a waya kuwa datarsa ce ke ƙonewa, kuma ga wasu fina-finai goma a jere a ƙasan naka suna jiran yatsansa. YouTube da kanta tana nuna wa mai tasha adadin waɗanda suka rage suna kallo bayan sakan 30 na farko. Duk mai tasha ya buɗe wannan shafi ya gwada fim ɗinsa da ya fara da dogon kastin da wanda ya fara da labari, lambobinsa za su gaya masa abin da ba na buƙatar faɗa.

Sunaye a kan labari yana tafiya

Wannan ce nake ganin ta fi dacewa da yawancin fina-finanmu, kuma ita ce aka fi ɓatawa, domin ana ɗaukar ta aikin edita ne alhali tun a lokeshin ake yin ta.

Mutum ba ya iya karatu da sauraron magana mai muhimmanci a lokaci guda. Idan jaruma tana gaya wa mahaifiyarta cewa ba za ta auri wanda aka zaɓa mata ba, ga sunan mai kwalliya yana lilo a gefen fuskarta, ɗaya daga cikin biyun ya faɗi, wani lokaci duka biyun. Don haka sunaye suna son fitowar da babu magana, ko maganar da ba a rasa komai idan ta wuce: mai shayi yana hura wuta da duku-duku, ɗan Adaidaita Sahu yana ratsa cunkoso, amarya ana jeren kayan ɗakinta, malami yana tafiya makaranta a kan keke. Irin wannan fitowa tana gabatar da gari da jarumi da yanayin rayuwarsa, sunaye kuma suna wucewa ba tare da sun ci wa kowa lokaci ba. Dole marubuci ya rubuta ta, darakta ya ɗauke ta da tsawon da zai ishi sunayen, mai kyamara kuma ya bar fili a cikin hoton, ya matsar da jarumi gefe guda ya bar sama ko bango ko titi inda rubutu zai zauna. Idan ba a yi haka ba, edita zai tarar da fuska ta cika allo, ya rasa inda zai sa suna sai a kan goshi.

Ƙasan allo ma ba naka ba ne. Fina-finan Hausa da yawa suna ɗauke da fassarar Turanci a ƙasa, gidan talabijin kuma zai manna tambarinsa a kusurwar sama. Abin da ya rage maka shi ne tsakiya da gefe-gefe. Sannan akwai launi: farin rubutu a kan farar babbar riga, ko a kan sararin samaniya a lokacin hazo, ɓacewa yake yi. Magani shi ne a ɗan duhunta wannan ɓangaren hoton kaɗan, ko a matsar da sunan, maimakon a zagaye kowane harafi da kaurin baƙin layi irin na tallar shagon waya.

Akwai kuma hoton da bai kamata a rubuta komai a kansa ba. A 1958 darakta Orson Welles ya buɗe *Touch of Evil* da ɗauka guda ɗaya ta fiye da minti uku ba yankewa: an dasa bam a but ɗin mota, kyamara ta bi motar cikin garin kan iyakar Amurka da Meziko, mai kallo na jiran fashewa. Kamfanin Universal ya zuba sunaye a kan wannan ɗauka. Welles ya rubuta musu takarda mai shafi 58 kan sauye-sauyen da suka yi wa fim ɗin. Sai a 1998, shekara 13 bayan rasuwarsa, edita Walter Murch ya sake haɗa fim ɗin bisa wannan takarda, aka share sunayen daga kan hoton. Idan fitowarka ta farko ita ce wadda kake so a riƙe numfashi a kanta, bar ta fes, ka kai sunayen fitowa ta biyu.

Buɗewa mai zaman kanta

Ita ce kowa ke sha'awa. Mai zane Saul Bass ne ya ɗaga darajarta a 1955 da *The Man with the Golden Arm* na Otto Preminger, inda fararen layuka suka yi ta motsi a kan baƙi har suka haɗu suka zama karkataccen hannu, labarin kuwa na mai shan ƙwaya ne ta allura. Daga nan ya yi wa Alfred Hitchcock aiki a 1958 da 1959 da 1960. Abin lura, aikin Bass ba ado ba ne. Layuka ne da kiɗa, amma kafin a ga ɗan wasa ɗaya mai kallo ya ji irin damuwar da fim ɗin zai jefa shi.

Misalin da ya fi nuna amfaninta shi ne wanda Kyle Cooper ya yi wa David Fincher a *Se7en* a 1995. Mai kisan da ake nema ba ya nuna fuskarsa sai can wajen ƙarshen fim. Buɗewar ce ta gabatar da shi: hannuwansa kawai, yana aske fatar yatsunsa da reza, yana ɗinke littattafan da ya cika da rubutu, sunayen kuma an karce su da hannu suna rawa. Ta toshe wani giɓi ne a labarin. To ka tambayi kanka: wane giɓi tawa za ta toshe? Idan amsar ita ce "don a san mun kashe kuɗi", kuɗin ya fi amfani a wajen sauti, inda fina-finanmu suka fi rauni.

Domin tana cin kuɗi. Tana son tunani na daban, wani lokaci ɗauka ta daban, mai zane na daban, da kiɗan da aka tsara dominta. Inda take biyan kanta shi ne aikin da za a maimaita. Hoton da ake leƙen James Bond ta cikin bakin bindiga, wanda Maurice Binder ya ƙirƙira a 1962, an shafe shekaru fiye da hamsin ana sabunta shi. Taswirar da kamfanin Elastic ya yi wa *Game of Thrones* a 2011 tana sauyawa gwargwadon garuruwan da za a ziyarta a wannan kashi, wato ita ma aiki take yi, tana nuna wa mai kallo hanya. Tun da Arewa24 ta fara aiki a 2014, sannan fina-finai masu dogon zango suka mamaye YouTube, wannan lissafi ya shafe mu: abin da aka kashe sau ɗaya za a raba shi a kan kashi 13 ko 50, kuma waƙar buɗewar takan zama abin da yara ke rerawa a layi.

Sai dai a yi ta gajera. Netflix ta sa maɓallin tsallake buɗewa a 2017 saboda ta ga masu kallo suna ja gaba da kansu. Ni dai ba na son ta wuce sakan 40 a shiri mai dogon zango, kuma gara a fara da ɗan labari, a kai inda hankali ya kamu, sannan ta shigo. A guji haɗa ta da guntayen fitowar da ke gaba: sau nawa aka nuna jaruma cikin kayan amarci a buɗewa, alhali duk zangon farko a kan ko za a yi auren ake ja-in-ja? Kuma a gina ta yadda za a iya cire suna a sa wani cikin sauƙi, don 'yan wasa suna fita suna shiga daga zango zuwa zango.

Sunan fim kaɗai

Yanzu ita ce al'adar manyan fina-finan Amurka da dama, amma ba sabuwa ba ce, Welles ya yi haka tun 1941. George Lucas ya yi a *Star Wars* a 1977 ba a ce masa komai ba. Da ya maimaita a kashi na biyu a 1980, wanda Irvin Kershner ya ba da umarni, ƙungiyar daraktocin Amurka ta ci shi tara, saboda sunan kamfanin Lucasfilm ya fito a gaba, na darakta kuwa yana can ƙarshe. Lucas ya biya, ya fice daga ƙungiyar.

Ta fuskar labari babu wadda ta kai ta ƙarfi. Ta fuskar haƙƙi ita ce mafi nauyi. A masana'antarmu mai haske da mai riƙe sandar sauti da mai ci gaban shiri ba wani kuɗin kirki suke samu ba, sunan nan wani ɓangare ne na ladansu, da shi suke neman aiki na gaba. Ƙarshen fim kuwa wurin da ba kowa ke zama ba ne: a sinima an tashi, a talabijin an yanke an sa talla, a YouTube akwatunan "kalli na gaba" suna iya rufe sakan 5 zuwa 20 na ƙarshe. Wanda zai bi wannan hanya ya faɗa wa mutanensa tun kafin a fara ɗauka, ya kuma rubuta cikakken jerin a akwatin bayanin da ke ƙasan bidiyo, inda mai neman mai ɗaukar hoto zai iya gani.

Idan aka ce in zaɓa: fim guda da za a saka a YouTube, sunaye a kan labari, kada su wuce 10 zuwa 12 a gaba, saura a ƙarshe. Shiri mai dogon zango, gajeriyar buɗewa mai zaman kanta. Gajeren fim na minti goma, sunan fim kaɗai, don kastin na minti biyu a kansa ya zama rawani ya fi kai girma. Baƙin allo kuma ga fim ɗin sinima ko na gasa, mai tafiya a natse, ko ga wanda ya riga ya gama ɗauka bai bar wa rubutu fili ba, amma ya rage katunan.

Wa zai riga wa

Tsarin da aka saba a Hollywood shi ne kamfani, manyan jarumai, sunan fim, sauran 'yan wasa, sannan masu aikin bayan fage, furodusa, marubuci, darakta a ƙarshe, daf da fara labari sosai. Rigimar jarumai kuwa ba a Kano aka fara ta ba. A *The Towering Inferno* na 1974 Steve McQueen da Paul Newman kowa yana son ya zo farko. Aka sa sunan McQueen a hagu amma ƙasa-ƙasa, na Newman a dama amma sama-sama: mai karantawa daga hagu ya ga wannan, mai karantawa daga sama ya ga wancan. Dattijon da fitowarsa uku ce amma girmansa ya wuce a cusa shi a tsakiya, a ajiye shi ƙarshen jerin 'yan wasa a katinsa shi kaɗai da "tare da". A yanke duk wannan a rubuce tun wuri, kuma kowa ya turo sunansa ta WhatsApp yadda yake so a rubuta shi, Muhammad ne ko Mohammed, da inkiya ko babu.

Manhaja

Hanyar da ka zaɓa ce ke zaɓar manhaja. Baƙin allo da sunaye a kan labari ba sa buƙatar komai bayan manhajar da ake haɗa fim ɗin da ita, Premiere Pro ko DaVinci Resolve. Fitar da aikin zuwa wata manhaja don wannan ɗorawa kai wahala ce.

Buɗewa mai zaman kanta ce ke kawo zaɓi. After Effects na Adobe ya fi kowa yawan darussa da shiryayyun tsare-tsare, kuma masu iya shi sun fi yawa, don haka idan editanka ya tafi za ka sami wanda zai ɗora. Amma tun 2013 Adobe ta daina sayarwa, haya ce wata-wata da kuɗin waje. DaVinci Resolve na kamfanin Blackmagic Design yana da na kyauta wanda ke fitar da hoto har 3840 a 2160, cikakkensa kuma dala 295 ne biya ɗaya. Tun 2018 aka saka masa Fusion a ciki, sashen da ake motsa rubutu da haɗa hotuna. Tsarin Fusion na akwatuna ne da ake haɗawa da layuka, wanda ya saba da shimfiɗar After Effects zai ɗan sha wuya kafin hannunsa ya faɗa, kuma yana son kwamfuta mai ƙarfi: kamfanin da kansa yana neman ƙwaƙwalwar aiki mai gigabait 16, ko 32 ga mai amfani da Fusion a Windows. Blender kyauta ne, shi ne na haruffa da abubuwa masu kauri da inuwa kamar a taɓa, amma fitar da sakan 30 a cikinsa yana iya cinye awanni a ƙaramar kwamfuta, abin da mai dogaro da janareta zai sa a lissafi. CapCut da KineMaster sun isa ga gajeren fim na waya. A dai lura da tambarin da na kyauta ke iya mannawa, da kuma salon motsin da mai kallo ya gani sau dubu a TikTok.

Kiɗa kuma a tsara naka. Na'urar YouTube tana gane kiɗan da ke da mai shi, tana iya karkatar da kuɗin tallar fim ɗin gaba ɗaya zuwa aljihun wani saboda sakan 40 na buɗewa.

Haruffa

Yawancin salon haruffan ado da ake saukewa ba su da ɓ da ɗ da ƙ, balle ƴ da ake rubutawa a Nijar. Manhaja ko ta nuna ɗan akwati, ko ta aro harafin daga wani salo ya fito daban a tsakiyar suna, edita kuma ya gaji ya cire ƙugiyar, Ɗanladi ya koma Danladi. Kafin ka ƙwallafa rai a kan wani salo, buga waɗannan haruffa manya da ƙanana ka gani. Noto na Google yana da su, haka Andika da Charis na ƙungiyar SIL, duka kyauta ne kuma an yarda a yi amfani da su a aikin kasuwanci. Salo ɗaya ya isa, biyu idan sunan fim zai bambanta. Siririn harafi yana kyau a allon edita, amma yana narkewa idan netwok ya yi rauni hoto ya sauka zuwa 360, don haka a gwada a ƙaramar waya, a tsakar rana, kafin a amince.

Kada rubutu ya fita daga kashi 90 cikin 100 na tsakiyar allo, don wasu talabijin suna cin gefe. A gina buɗewar da saurin hoto iri ɗaya da na fim ɗin, hoto 25 a sakan idan gidan talabijin na gida za a kai, 24 idan da shi aka yi ɗauka, in ba haka ba rubutu zai riƙa tsalle. Sannan ranar da za a fitar da fim, a fitar da kwafi na biyu na duk fitowar da aka ɗora wa suna, ba rubutu ko ɗaya a kai, a ajiye. Masu sayen fim don nunawa a wata ƙasa suna neman sa don su sa rubutu da harshensu, kuma ranar da aka gano an rubuta sunan wani ba daidai ba, da shi za a gyara ba sai an nemo editan da ya riga ya goge aikin daga kwamfutarsa ba.